Tangaran ɗin ƙashi yana darewa bayan gashi: laifin tanderu ne ko na haɗin sinadarai?

Aminu, Tudun Wada

Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Na ci karo da matsala a binciken digirina na biyu, kuma na ga gara in kawo ta nan kafin in sake ɓarnatar da kayan aiki. Ina haɗa garin haidiroksi-afatait, wato sinadarin kalsiyam da fosfet wanda shi ne ginshiƙin ƙashi da haƙori, daga ɓawon ƙwai da nake tarawa a wurin masu shayi na unguwarmu. Nakan wanke ɓawon, in ƙona shi a digiri 900 har ya koma farin gari, in jiƙa shi da ruwa, sannan in riƙa ɗiga masa asid na fosfarik. Abin da ya kwanta nake busarwa, in danne shi a inji ya zama 'yan faya-faye masu girman kwabo, in gasa su a tanderu.

Kashi na farko na gasa a digiri 1200 na awa 2. Sun fito fes, da ƙarfinsu, amma bayan kwana 10 a durowa, a tsakiyar watan Agusta, sai na tarar sun dare, wasu har suna zubar da gari idan an taɓa su. Na ɗauka gashin ne bai isa ba. A kashi na biyu na ƙara asid bisa shawarar wani abokin aiki, na kuma ɗaga zafin zuwa digiri 1300, sai ga shi waɗannan da ƙananan tsagu suka fito daga tanderun. Shin zafi zan ƙara, ko ragewa zan yi, ko kuwa matsalar tana wani wuri dabam?

Injiniya Bala, Kakuri

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na shafe shekaru ina gyaran tanderu a masana'antu, kuma mafi yawan tsagewar da na gani daga saukowar zafi take, ba daga hawansa ba. Idan aka ɗauke wuta tanderu yana kan digiri 1300, ko ka yi gaggawar buɗe ƙofa, bayan faifan zai huce ya tsuke alhali cikinsa yana nan da zafi, kuma tangaran ba ya jure wannan. Sannan ma'aunin zafin tsohon tanderu yana iya nuna maka lamba ɗaya alhali abin da ke ciki dabam ne. Ka duba kuma yadda kake dannawa, domin garin da bai dannu daidai ba yana shiga wuta da tsagarsa a ɓoye. Ni dai a ganina ka fara da tanderun kafin ka zargi garin.

Dakta Hadiza, Unguwar Rimi

Injiniya, abin da ka faɗa a kan saukowar zafi gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa gashi a garin nan ya san yadda ɗaukewar wuta ke lalata aikin mako guda. Sai dai faifan da ya fito lafiya, ya yi kwana 10 a durowa sannan ya dare, ba tanderu ne ya dara shi ba. Akwai wani abu a cikinsa da ya ci gaba da aiki bayan wuta ta mutu.

Aminu, ka fara da tunanin abin da gashin nan yake yi. Ba narkar da garin ake yi ba. Zafi ne ke sa ƙwayoyin zarra su riƙa ƙaura daga wuri zuwa wuri, har ƙwayoyin garin da ke jingine da juna su manne, ramukan da ke tsakaninsu su ƙanƙance, faifan gaba ɗaya ya tsuke ya yi ƙarfi. Saurin wannan ƙaura, da iyakar zafin da za a iya kaiwa kafin sinadarin ya rikiɗe ya zama wani abu dabam, duk haɗin garin ne ke yanke su, tanderu kuwa aikinsa ya bi abin da haɗin ya yarda da shi.

A haidiroksi-afatait na ainihi, zarra 10 na kalsiyam suna tafiya da zarra 6 na fosfaras, wato rabon 1.67, kuma wannan lamba ba ta da sassauci sosai idan gashi za a yi. Idan kalsiyam ya yi yawa, rarar ba ta da gurbi a cikin tsarin, sai wuta ta ware ta ta zama kalsiyam oksaid, irin farin garin da kai da kanka ka samu bayan ƙona ɓawon ƙwai. Ka tuna yadda ya ɗauki zafi ya kumbura lokacin da ka zuba masa ruwa. Haka nan yake yi a cikin faifan: yana zuƙar danshin iska, ya koma kalsiyam haidiroksaid, wanda girmansa ya kusan ninka na farko, tangaran kuwa ba ya miƙewa, sai dai ya dare. Da a lokacin hunturu ka yi aikin, da an jima kafin ka gani, amma danshin damina ya gaggauta tona asirin garin.

A kashi na biyu ina ganin ka tsallaka zuwa ɗaya ɓangaren ne. Idan fosfaras ya yi yawa, rabon yana gangarowa wajen 1.5, wanda shi ne na tirai-kalsiyam fosfet, abin da muke taƙaitawa da TCP. Tun daga wajen digiri 800 irin wannan gari yake rabuwa gida biyu, afatait da TCP mai siffar beta. Shi kuma beta, idan ya wuce kimanin digiri 1125, yana juyewa zuwa siffar alfa, wadda zarranta suka fi wara. Kubik santimita ɗaya na beta yana da nauyin giram 3.07, na alfa kuwa 2.86, bambancin da ke nufin kumburi na kusan kashi 7 cikin 100. Ke nan a daidai lokacin da kake son faifan ya tsuke, wani sashe nasa yana kumbura daga ciki, don haka ƙarin zafin da ka yi da niyyar gyara shi ne ya buɗe wa tsagewar ƙofa.

Ka gaya mini yadda ka lissafa asid ɗin a karo na farko, da abin da ke rubuce a jikin kwalbarsa.

Aminu, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Dakta, Allah ya ƙara sani. Na je na duba kwalbar yanzu, kashi 85 cikin 100 aka rubuta, ni kuwa na yi lissafina kamar asid ne zalla ba ruwa a ciki. A karo na biyu ban sake lissafi ba, da ido na ƙara, kuma ban auna tsamin ruwan ba lokacin da nake ɗigawa.

Dakta Hadiza, Unguwar Rimi

To, amsar kashi na farko ta fito. Raba 1.67 da 0.85, za ka samu kusan 1.96, rarar kalsiyam mai yawan gaske. Ka kuma riƙe abu biyu. Rabon 1.67 na adadin zarra ne, ba na nauyi ba. Idan na'ura ta ba ka sakamako da nauyi, abin da za ka nema shi ne kusan 2.16, kuma na sha ganin ɗalibai sun gauraya waɗannan lambobi biyu. Sannan idan ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, wanda lambarsa ke raguwa idan tsami ya ƙaru, ya faɗo ƙasa da 9 lokacin haɗawa, garin da zai kwanta yakan zo da ƙarancin kalsiyam ko da lissafinka daidai ne, shi ya sa ake ɗiga asid a hankali ana riƙe ruwan da amoniya.

Injiniya Bala, Kakuri

Dakta, a kan kashi na farko na karɓi hujjarki ba tare da ja ba. A kan na biyu kuwa ban sauka daga ra'ayina ba tukuna. Ɓawon ƙwai yana ɗauke da ɗan magniziyam, kuma ke kin fi ni sanin cewa magniziyam yana shiga gurbin kalsiyam a cikin beta ya riƙe shi, ya ɗaga zafin da yake juyewa zuwa alfa. Idan haka ta faru a garin Aminu, to tsagun nan za su iya zama na saurin hucewa kamar yadda na faɗa. Na'urar XRD, mai haska gari da hasken X-ray ta nuna tsarin zarransa, ita ce za ta raba mu gardama, domin alfa da beta kowanne da tambarinsa.

Malam Yusuf, Kawo

Ni ba masanin kimiyyar sinadarai ba ne, aikina haɗa haƙoran roba da na tangaran ne, amma abin da Dakta ta bayyana kullum nake ganinsa a zakoniya, wani farin tangaran mai ƙarfi da muke haƙori da shi. Muna sassaƙa hular haƙori daga faifan zakoniya da ba a gama gasawa ba, kuma da gangan ake sassaƙa ta da girma, domin a gashin ƙarshe, tsakanin digiri 1450 da 1550, tana tsukewa da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

Zakoniya zalla ba ta gasuwa ta zama abin amfani. A sama da digiri 1170 tana cikin siffar tetiragonal, idan tana hucewa sai ta koma siffar monokilinik ta kumbura da kusan kashi 4 cikin 100, ta farfasa kanta. Maganin da aka samo shi ne a sa mata itiriya, wato oksaid na ƙarfen itiriyam, kashi 3 cikin 100 a lissafin adadin ƙwayoyi, wadda ke riƙe siffar tetiragonal har zuwa zafin ɗaki. Abin sha'awar shi ne, idan tsaga ta fara, ƙwayoyin da ke bakinta sukan juye su kumbura su matse ta, wato kumburin da ke lalata zakoniya zalla shi ne kuma ke kare wadda aka haɗa daidai. Garvie da abokan aikinsa a Ostareliya ne suka bayyana wannan a 1975. Mai kashi 3 tana jure lanƙwasa har wajen megafaskal 1000 ko fiye a ma'aunin ƙarfi, ita muke sa wa a turame da gada mai tsawo, wato jerin haƙora da ke cike giɓi. Mai kashi 5 ta fi barin haske ya ratsa ta, ta fi kama da haƙorin gaba, amma ƙarfinta ya sauka zuwa wajen 600, domin yawancin ƙwayoyinta sun zauna a siffar kubik wadda ba ta juyewa ta matse tsaga. Tanderu ɗaya nake gasa su, bambancin itiriya kashi 2 ne kawai ya raba ƙarfinsu haka.

Injiniya Bala, Kakuri

Malam Yusuf, madalla da ka kawo zakoniya, domin a tarihinta hujjata take. A shekarar 2001 kawunan ƙashin cinya na zakoniya kusan 400, waɗanda wani kamfani a Faransa ya ƙera, sun fashe a jikin mutanen da aka yi wa dashen kwatangwalo, har aka janye su daga kasuwa. Da aka bi diddigi, abin da aka gano shi ne kamfanin ya sauya irin tanderun da yake gashi da shi, daga mai ɗaukar kashi-kashi zuwa mai dogon zaure wanda kaya ke ratsawa. Haɗin sinadaran bai sauya ba, gashin ne ya sauya, kuma mutane suka koma ɗakin tiyata. Wannan ya sa ba na yarda a mai da tanderu ƙaramin abu.

Dakta Hadiza, Unguwar Rimi

Ban mai da shi ƙaramin abu ba, Injiniya, kuma labarin da ka kawo ya cancanci kowane ɗalibi ya san shi. Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa sauyin tanderu ya yi wa zakoniya wannan illa. Itiriya kashi 3 tana riƙe siffar tetiragonal ne a bakin gaɓa, don ta iya juyewa idan tsaga ta zo. Idan gashi ya bar ramuka, ruwan jiki yana samun hanyar shiga ya sa ƙwayoyin su fara juyewa da kansu, daga fata zuwa ciki, shekara bayan shekara. Haɗin ne ya sa hanyar gashin ta zama siririya, sauyin tanderu kuma ya fitar da su daga kanta. Shi ya sa ake ƙara wa irin wannan zakoniya alumina, wato oksaid na aluminiyam, kimanin kashi 0.25 cikin 100 don rage wannan tsufa, kuma shi ya sa masu ƙera kwatangwalo suka karkata ga alumina mai ɗauke da zakoniya wajen kashi 17 cikin 100 na girmanta, inda alumina ke kewaye ƙwayoyin zakoniya ta hana juyewar yaɗuwa.

Ita kanta alumina darasi ce. Pierre Boutin ya fara dasa kwatangwalon alumina a Faransa a 1970, kuma na farkon sun fi na yanzu fashewa saboda manyan ƙwayoyi da datti. Tun kafin nan Robert Coble, a kamfanin General Electric na Amurka, ya nuna cewa ɗan magniziyam oksaid da bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba yana hana wasu ƙwayoyi yin girman da ya wuce kima su haɗiye ramuka a cikinsu, inda ba za su ƙara fita ba. Babbar ƙwaya da ramin da ya maƙale su ne mafarin tsaga, kuma tangaran daga aibinsa mafi girma yake karyewa. Silika da sodiyam kuwa akasin haka suke yi: suna narkewa su zama siririn gilashi a tsakanin ƙwayoyi, gashi ya yi sauƙi a ƙaramin zafi, amma ruwan jiki yana cin wannan gilashi. Saboda haka alumina ta likitanci dole tsarkinta ya wuce kashi 99.5 cikin 100. Ina faɗin wannan ne don ɗalibanmu da ke fitar da alumina daga farar ƙasar Ƙanƙara, ko masu tunanin fitar da zakoniya daga yashin zakon na Jos. Aiki ne mai kyau, amma silika ta cika duka biyun, zakon kuma yana zuwa da ɓurɓushin yuraniyam da toriyam, don haka tacewar ita ce babban aikin, ba gashin ba.

Dakta Sa'idu, Malali

Ni likitan ƙashi ne, kuma ina so in ja hankalin Aminu ga tambayar da ba a yi ba: ƙarfin nan da kake nema, don wane aiki? Ko ka gasa haidiroksi-afatait ba aibi ko ɗaya, juriyarsa ga tsaga wajen 1 take a ma'aunin da ake amfani da shi, ƙashi mai rai kuwa ya ninka haka sau da yawa saboda zaren kolajin da ke cikinsa. Ba ma sa shi inda zai ɗauki nauyin jiki shi kaɗai. Muna cike gurbin ƙashi da shi a matsayin tsakuwoyi, ko a shafa shi a jikin ƙarfen taitaniyam don ƙashi ya kama.

A irin wannan aiki TCP ba abokin gaba ba ne. Afatait da aka gasa sosai yana iya shekaru a jiki bai narke ba, beta kuwa yana narkewa a hankali ya bar wa sabon ƙashi wuri, shi ya sa ake haɗa su da gangan, sau da yawa kashi 60 da kashi 40. Haka kuma muna son ramuka da suka wuce maikiromita 100 don ƙashi da jijiyoyin jini su shiga, alhali kowane rami da ka ƙara yana rage ƙarfi sosai. Abin da ba mu so sam shi ne kalsiyam oksaid na kashinka na farko, domin ban da darewa, yana ɗaga pH na ruwan da ke kewaye da shi ya cutar da ƙwayoyin halitta. Kuma ɗana, komai kyawun faifan da ka gasa, ba ya kusantar jikin dabba sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ba ya kusantar majiyyaci sai ya bi matakan gwaji da rajistar NAFDAC.

Malama Rabi, Zariya

Ina bin muhawarar nan daga Samaru, kuma tun da fannina gilashi ne, bari in ƙara misali ɗaya da ke goyon bayan Dakta Sa'idu. Larry Hench ya haɗa gilashin 45S5 a Jami'ar Florida a 1969: silika kashi 45, sodiyam oksaid 24.5, kalsiyam oksaid 24.5, fosfaras oksaid 6, duk a lissafin nauyi. Ƙarancin silika da yawan sodiyam da kalsiyam su ne ke sa fatarsa ta narke a ruwan jiki ta haifar da shimfiɗar afatait da ƙashi ke mannewa, kuma idan silika ta wuce wajen kashi 60 wannan mannewa tana gushewa. To amma haɗin da ya sa shi aiki a jiki shi ne ya sa shi wahalar gashi, domin yana fara laushi a wajen digiri 550, kuma da ɗan ƙari kaɗan bayan digiri 600 sai ya fara daskarewa ya zama ƙwayoyi masu tsari, kafin garin ya gama mannewa. Masu bincike sun faɗaɗa wannan tazara da gilashin 13-93, inda aka ɗaga silika zuwa kashi 53, aka rage sodiyam, aka shigo da fotasiyam da magniziyam. Ya fi gasuwa, ya fi ƙarfi, amma ya fi jinkirin aiki a jiki.

Aminu, Tudun Wada

Malamaina, na dawo da abin da na samu. Dakta Hadiza ta ce mini in niƙa gutsuren kowane kashi, in sake ƙona shi a digiri 1000, in zuba a ruwa mai ɗigon fenoftalin, sinadarin da ke komawa ja idan pH ya hau. Na farko nan take ya mai da ruwan ja-ja, na biyu bai sauya shi ba, wato akwai kalsiyam oksaid a na farko, babu a na biyu. Na kai samfurin na biyu don gwajin XRD, ina jiran sakamako. Na kuma tambayi mai kula da tanderun, ya ce ba a ɗauke wuta a daren ba, amma an buɗe ƙofar da asuba tanderun bai gama hucewa ba, don haka maganar Injiniya tana nan da ƙarfinta. Tambayata ta ƙarshe ita ce, ko zai fi sauƙi in koma amfani da ƙashin shanu daga mayanka, tun da shi afatait ɗinsa a haɗe yake?

Dakta Hadiza, Unguwar Rimi

Ƙashin shanu zai rage maka wahalar ɗiga asid, amma ba zai ɗauke maka awo ba. Afatait ɗin ƙashi yana ɗauke da kabonet, da ɗan magniziyam da sodiyam, kuma bayan ƙonawa kabonet yana fita, rabon yakan tsaya sama da 1.67 kaɗan, don haka shi ma sai ka yi masa gwajin fenoftalin ɗin nan. Ni shawarata ka tsaya a kan ɓawon ƙwai, tun da ka riga ka gano inda kuskuren yake. Ka sake lissafi da kashi 85, ka auna garin ɓawon da zarar ya huce daga wuta kafin ya sha danshi ya ƙara nauyi, ka riƙe pH a wajen 10, sannan ka kai garin a auna kalsiyam da fosfaras kafin ka danne ko faifai ɗaya. Daga garin nan guda ka gasa kashi uku, a digiri 1100 da 1200 da 1250, ka auna nauyin kubik santimita ɗaya na kowanne ka gwada da giram 3.16, wanda shi ne na afatait marar rami. Injiniya, idan za ka samu lokaci ka duba masa ma'aunin zafin tanderun, ka kuma saita masa saukowar a kan digiri 5 a minti ɗaya.

Injiniya Bala, Kakuri

Zan zo ranar Asabar da safe in sha Allah, da ma'aunina. Aminu, ka gaya wa mai kula da tanderun kada a buɗe ƙofa sai zafin ya sauka ƙasa da digiri 200, kuma ka turo mana hoton sakamakon XRD ɗin nan da zarar ya fito.